Jitata mai araha: in zuba mata kuɗi ko in haƙura?

Ɗan_Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

Ina da jitar lantarki ƙirar Stratocaster, amma ba ta Fender ba ce, ba kuma Squier ba. Irin 'yan Chainan nan ne da ake manna wa suna a ka, sunan da ko ka bincika a intanet ba za ka ga kamfanin ba. Na saye ta hannun wani ɗan bautar ƙasa da ya gama zai koma gida, ya haɗa min da ƙaramar amfilifaya mai wat 15 da kebul ɗaya. Baƙa ce, farin faranti a gaba, fikof (na'urar da ke ɗaukar muryar tsirkiya) uku masu naɗi ɗaya, makunni mai hawa biyar. Wuyanta ya zauna min a hannu daram, shi ya sa na kasa rabuwa da ita. Salon mutanen Agadas nake koyo, wanda ake barin tsirkiya ɗaya a sake tana amsawa, yatsu kuma suna gudu a kan ta kusa da ita. A irin wannan kiɗa, saiti ya goce ko kaɗan kunne zai kama.

Ga abin da ke damuna. Da na jona ta sai zuuuu, ƙugi ba ya tsayawa, kuma ranar da makwabcinmu ya tayar da janareto muka ja wuta daga wurinsa abin har ya fi ƙarfin kiɗan. In na ɗora hannu a kan tsirkiyoyi ya ragu, in na ɗage ya dawo. Sai saiti: in ɗaure ta tsaf, in ja tsirkiya ta uku sama kaɗan, shi ke nan ta sauka. Wani lokaci ina murɗa kunne sai in ji "ƙis" daga can sama, murya ta yi tsalle ta wuce inda nake so. Tun da hunturu ya shigo kuma bakin firet ('yan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita) ya fito ta gefen wuya yana kartar min tafin hannu, abin da ban gani ba da damina. In na ƙara murya sosai, fikof ɗin kusa da jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita) sai ya kama tsuwa mai huda kunne ko da na danne tsirkiyoyin duka.

Na tara dubu 70 daga aikin buga takardu a shagon yayana nan bakin titin Samaru. Niyyata in ƙara a kai in yi odar fikof na Seymour Duncan ko DiMarzio, in sauya kunnuwan ɗaurin duka shida, in ya so sauran daga baya. Wani abokina a jami'a ya ce in cire na kusa da jaki in sa hambaka (fikof mai naɗi biyu), ƙugin zai mutu. To amma sai na ga ana maganar bolum mai 250k da mai 500k (awon yadda yake tare wuta), kaina ya ɗaure. Wanne ya kamata in fara saye? Kuma akwai wanda ke irin wannan aiki a Zariya, ko sai na kai ta Kaduna?

Dogo_Kwangila ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Abokina, gaskiya ɗaya ce: sayar da ita. Sa wa wannan jita fikof na Amurka kamar sa tayar Marsandi a baro ne. Ranar da ka tashi rabuwa da ita ba mai biyanka kuɗin fikof, sunan da ke kanta za a duba a taya. Haɗa kuɗinta da dubu 70 ɗinka, ka ƙara haƙuri, ka nemi Yamaha Pacifica ta hannu, ko 012 ko 112. Tun 1990 Yamaha ke yin Pacifica, kuma waɗannan biyun da hambakarsu suke zuwa a kusa da jaki, ba sai ka fafe komai ba. Masu sauke kayan kiɗa daga kasuwar Alaba ta Legas suna kawo su. Ni ita nake riƙe da ita, ban taɓa kwance mata sukuru ko ɗaya ba.

Baba_Mai_Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ba makaɗi ba ne, ka sani tun farko. Gyaran rediyo da amfilifaya nake yi a Sabon Gari tun zamanin kaset, kuma yaran coci da masu kiɗan biki suna kawo min jitocinsu in wayar ciki ta tsinke. Saboda haka maganar ƙugi da tsuwa zan yi, sauran na bar wa masu ita.

Kada ka yi odar komai tukuna. Fikof mai naɗi ɗaya ba wani abu ba ne illa siririyar wayar tagulla da aka naɗa wajen sau 8,000 a kewayen maganaɗisu. Aikinsa ya ji motsin ƙarfe a kusa da shi, amma bai san bambancin tsirkiyarka da taransifoman amfilifaya ko wayar da ke cikin bango ba, duk ɗauka yake. Wutarmu a Najeriya tana juyi 50 a daƙiƙa, shi ne wannan zuuu ɗin. In ka saurara da kyau za ka ji yana dab da muryar G ta ƙasa. Turawan Amurka da kake kallo a YouTube suna cewa 60, don tasu wutar haka take. Ƙaramin janareto kuwa ba ya tsayawa a 50 ɗin, yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ga dattin wuta, shi ya sa ka ji abin ya ƙazanta. Wanda zai zo maka daga Amurka, in dai mai naɗi ɗaya ne na gargajiya, haka zai yi ƙugi a ɗakinka. Na Fender na asali ma yana yi tun 1954 da Leo Fender ya fito da ƙirar.

Hayaniyar iri biyu ce, kuma maganinsu daban. Ga yadda za ka raba su ba tare da ka kashe kwabo ba. Rataya jitar, ka buɗe murya, ka juya a hankali inda kake tsaye, gabas, kudu, yamma. Wanda ke ƙaruwa yana raguwa in ka juya, mai kaurin nan, na maganaɗisu ne. Ba abin da za ka lulluɓa ya hana shi, sai dai ka matsa nesa da amfilifaya, ko ka sa makunni a hawa na biyu ko na huɗu. A jitoci da yawa an naɗa fikof na tsakiya a juye, maganaɗisunsa ma a juye, to in ya haɗu da na kusa da shi sai ƙugin ɗaya ya cinye na ɗayan. Gwada ka gaya min. Wannan dabarar ce a cikin hambaka, naɗi biyu a gida ɗaya. Wani injiniyan kamfanin jita na Gibson, Seth Lover, ya nemi rajistar tasa a 1955, suka fara sa ta a jitocinsu a 1957.

Ɗayan kuma shi ne siririn nan mai zzzz, wanda ka ce yana raguwa in ka taɓa tsirkiya. Wannan albishir ne, wayar ƙasa (earth) da ta tafi jaki tana nan da ranta. Da ƙaruwa yake in ka taɓa, da na ce an juya wayoyi biyu na soket. Abin da jitarka ta rasa rufi ne. Kwance farantin ka leƙa, na tabbata katako tsirara za ka gani, sai ɗan guntun foyil a ƙarƙashin bolum. Ka samu tef na tagulla in da hali, in babu, foyil ɗin da ake naɗe kaza da shi ya isa. Shafa gam, ka shimfiɗe shi a cikin ramukan duka, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa, ka bar ɗan leɓe ya fito sama inda sukurun faranti zai danne shi. Bayan farantin ma ka rufe shi gaba ɗaya. Foyil ba ya kama dalma irin tamu, saboda haka ka ɗaura ƙaramin sukuru a cikin ramin ya danne waya, ɗaya bakin wayar ka narka shi a bayan bolum. Sai ka sa mita ka bi lungu-lungu, ko'ina ta yi ƙara. Yankin da bai haɗu da ƙasa ba aikin banza ne. Abu ɗaya ka kiyaye, ƙafafun makunni da harshen soket kada su taɓa foyil. In sun taɓa jitar za ta yi tsit, ka zaci ka kashe ta. Ɗan baƙin tef a wurin ya wadatar.

Kebul ɗin da aka haɗa maka da shi kuma, kwance kansa ka duba. In ka ga wayoyi biyu kwance gefe da gefe babu saƙar tagulla a kewaye, na lasifika ne, ba na jita ba. Ana kawo min irin wannan a ce amfilifaya ta lalace. Cire cajar waya daga soket ɗin da ka jona, kashe ƙwan nan mai farin haske na araha, ka ji bambanci.

Tsuwar fikof ɗin jaki kuwa naɗin ne ya yi sako-sako yana rawa, ya koma makirfo. Ƙwanƙwasa shi da farce, in ka ji ƙwas-ƙwas a lasifika shi ne. Maganinsa kaki: kashi 80 na kyandir, kashi 20 na kakin zuma, a narka a gwangwani, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba don kaki yana kamawa. Zafin kada ya wuce digiri 65 da yawa, in ba haka ba robar za ta lanƙwashe. A cire murfin, a tsoma shi har kumfa ta daina fitowa. Masu zuma suna nan a kasuwar Sabon Gari, kakin ba wuyar samu.

Sai magana mafi girma. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin kebul. Filogin amfilifaya mai baki uku ne, kada ka yarda wani ya karya na ukun ko ya cire wayarsa wai don ƙugi ya ragu. In ka taɓa jin tana ɗan cizonka a yatsa, ko makirfo ya ciji leɓenka kana riƙe da jita, ka kashe komai nan take a duba.

Mai_Jitar_Wusasa ta rubuta:

Sannunku. Baba, na gaishe ka, maganarka ta ƙarshe a ƙara ja mata layi. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotilan, Les Harvey, a kan dandamali ya mutu a Swansea, makirfo mara wayar ƙasa ya taɓa. Mu da muke kiɗa da janareto kusan kowace Lahadi, wani lokacin a kan siminti mai danshi, ba abin wasa ba ne.

Ƙanena, ni ina kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan cocinmu, kuma tawa ma ba mai tsada ba ce. Bar kunnuwan nan inda suke. Mutane suna ɗora musu laifi, alhali da wuya ka ga kunne yana warwarewa da kansa. Wannan "ƙis" da kake ji, tsirkiya ce ta maƙale a tsagin ƙaramin jakin sama, farin nan na roba da ke tsakanin wuya da kai. Kana murɗawa tana taruwa a bayansa, sai ta ƙwace gaba ɗaya. In ka ja ta kana kiɗa kuma, ta zame ta ƙi komawa. Fere fensir, ka goga baƙinsa a cikin kowane tsagi. In bai isa ba, ninka samfefa mai laushi ka share gefen tsagin, gefe kawai, kada ka zurfafa. Sannan duba yadda aka naɗa tsirkiya a kunne. Masu kauri zagaye biyu zuwa uku, sirara huɗu zuwa biyar, kowane zagaye a ƙarƙashin na baya, ba tuli ba. Sabuwar tsirkiya kuma sai an ja ta da hannu an sake ɗaurewa har ta daina sauka. Yaushe rabon da ka sauya su ma? In tun na ɗan bautar ƙasan ne, da su za ka fara kashe kuɗi. Ni 10 zuwa 46 nake sawa, sun fi 9 zuwa 42 riƙe saiti a hannuna, amma in ka sauya kauri sai ka sake duba tsagin da wuyan.

Firet ɗin da ke kartar ka aikin hunturu ne. Katako yana shan iska ya tsuke, ƙarfe ba ya tsukewa. Da damina katakon zai kumbura ya rufe su, shi ya sa ba ka gani ba. Yanzu ne lokacin gyaransu, tsakanin Disamba da Fabrairu da suka gama fitowa, in ka goge su yanzu ba za su sake damunka ba. Manna tef na takarda a katakon, ka samu ƙaramin magagari mai laushi ka bi gefen wuya a tsaye, sannan ka ɗan zagaye bakin kowanne. Kada magagarin ya hau saman firet. Kuma daina jingine ta a bango kusa da taga, ko a ɗakin da rana ke dukan kwanonsa. Jaka ko akwati, kullum.

Sai saitin jiki, kuma a jere ake yinsa, in ka tsallake ɗaya za ka dawo baya. Wuya tukuna. Ɗaure ta daidai, danne tsirkiya mai kauri a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, sai ka duba tazarar da ke tsakaninta da firet na takwas. Ma'aunin Fender wajen milimita 0.25 ne. Ba sai ka sayi abin awo ba, guntun siririyar tsirkiya lamba 10 kaurinta ke nan, in ta shige da ƙyar ka dace. In tazarar ta yi yawa, rodin cikin wuya ake ɗaurewa ta hannun dama, in babu tazara sam a sassauta ta hagu. Alankin da ake murɗa shi da shi, ƙarfen nan mai kusurwa shida, galibi 4 ne ko 5 na milimita, ka tabbata ya zauna cif kafin ka murɗa. Rubu'in zagaye, ka tsaya, ka sake ɗaure tsirkiya, ka auna. In ya ƙi motsi kada ka nuna masa ƙarfi. A Zariya sau biyu a shekara nake duba nawa, shigowar hunturu da faɗuwar ruwa, domin wuya ba ya zama wuri ɗaya.

Bayan wuya, tsayin tsirkiya, wajen milimita 1.6 a firet na 17, ana ɗagawa ko saukewa da ƙananan sukurorin da ke kan kowane sirdi a jakin ƙasa. Daga nan gaskiyar murya: kaɗa tsirkiya a sake, ka danne ta a firet na 12, manhajar saiti ta wayarka ta nuna harafi ɗaya a tsakiya. In na 12 ya haura, ja sirdin baya, in ya gaza, tura shi gaba. Tsawon tsirkiya a wannan ƙirar inci 25.5 ne, firet na 12 shi ne rabi. Ga mai salon da kake koyo wannan ya fi kowane fikof muhimmanci, tunda kullum akwai tsirkiya a sake tana tona asirin wadda aka danne.

Na ƙarshe, sauke fikof ɗinka. Danne firet na ƙarshe, ka bar wajen milimita 2 zuwa 2.5 a ɓangaren masu kauri, ƙasa da haka kaɗan a ɓangaren sirara. Masu shago suna ɗaga su don a ji ƙara, sai maganaɗisu ya riƙa jan tsirkiya, murya ta yi ta rawa, kai kuma kana zargin kunnenka.

Dogo, Pacifica jita ce mai kyau, ba musu. Amma kawo taka in auna wuyanta a watan Janairu mu gani.

Kafinta_Muciya ya rubuta:

Salamu alaikum. Anti ta gama magana, ni ƙari biyu ne nawa.

In tsagin roban ya riga ya cinye, a yi sabo da ƙashi. Je kwata da safe ka ce mahauci ya ba ka ƙashin ƙwaurin sa, na tsakiya mai kauri. A sare kai da gindi, a fitar da ɓargo, a dafa da ɗan omo har maiƙon ya fita, a shanya a inuwa ya bushe sarai. Maiƙon nan shi ne abin lura, in ya saura zai riƙa tsatstsafowa, gam ba zai kama ba. Sai a yanka da zarton ƙarfe, a goge a kan samfefar da aka shimfiɗa a gilashi har ya shige gurbinsa ba tare da duka ba. Tsohon shi ne ma'auninka, kada ka yar. Tsagi kuwa, na masu kauri guntun tsohuwar tsirkiya mai naɗi tana ci, na sirara 'yan wayoyin da masu walda ke share bakin tocinsu da su suna yi. Tsagin ya ɗan gangara wajen kai. Gwajin zurfi: danne tsirkiya a firet na uku, ka duba saman firet na farko, ya zama saura ƙiris ta taɓa, takarda ta shige da ƙyar. Ɗigon farin gam biyu ya isa, kada a yi masa wanka da sufa gulu, wata rana za a so cirewa.

Na biyu, tunda ban ji ka ce kana amfani da sandar girgiza (wadda ake dannawa a jaki murya ta yi rawa) ba, kashe ta. Buɗe murfin baya za ka ga dunƙulen ƙarfe da sifirin. A yanka guntun maɗaci daidai ramin a cusa tsakanin ƙarfen da katako, a ɗaure sukurori biyun sifirin. Jakin ya daina lilo, ka ja tsirkiya ɗaya sauran ba za su sauka ba. Ranar da ka so, ka zare katakon.

Ramin sukurun da ya kwaɓe, tsinken sakace da farin gam. Fuskar wuya in baƙin katako ce mara fenti, ɗigon man keken ɗinki a tsumma sau ɗaya a hunturu, a goge tas. Ban da man gyaɗa, ban da man ja, wari za su yi.

Ɗan_Samaru ya rubuta:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada. A hawa na biyu da na huɗu mai kaurin ya ɓace kusan gaba ɗaya, saura siririn. Kebul ɗin yana da saƙa amma 'yar kaɗan ce, ana hango farar robar ciki ta tsakaninta. Na kwance farantin, yadda ka faɗa haka yake, katako tsirara har da garin zarto a lungu. Bolum ɗin ƙanana ne, an rubuta B500K a bayansu duka ukun. A ƙarƙashin kowane fikof akwai baƙin maganaɗisu mai tsawo an manne shi da gam. Na ari mitar yayana na auna ta bakin kebul da murya a buɗe, fikof na wuya ya ba ni 5.4k, na tsakiya 5.5k, na jaki 5.9k.

Anti, fensir ya yi aiki a tsirkiya ta biyu, ta ukun har yanzu tana ƙis. Wuyan kuma siririyar tsirkiya biyu ma za su shige a firet na takwas, amma alankin da na samu yana juyawa a banza, sai na bari. Yaya Kafinta, zan zo da ƙashin in ka yarda ka yanka min, hannuna bai kai nan ba.

Tambayar da ta rage: wannan 500 ɗin shi ne ya sa muryarta ke da kaifi har tana sukan kunne? Kuma hambakar fa, in manta da ita?

Baba_Mai_Rediyo ya rubuta:

Madalla ɗana, ka iya bayani. Fikof ɗinka lafiyarsu ƙalau, waɗannan lambobi daidai suke da na irinsu. Baƙin da ka gani a ƙasa siramik ne, 'yan ƙusoshin da ke leƙowa sama ƙarfe ne kawai. A masu tsada ƙusoshin su ne maganaɗisun da kansu, alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobal. Muryarsu ta ɗan fi taushi, gaskiya ne. Amma a amfilifaya mai wat 15 da ƙaramar lasifika, ban ce za ka ji bambancin da ya kai kuɗinsu ba. Ga jabu ya cika intanet, a buga sunan babban kamfani a murfi, ciki kuwa irin naka ne.

Bolum kuwa ka kama bakin zaren. Mai 500k yana barin kaifin murya ya wuce da yawa, an fi sa shi wa hambaka don ita muryarta a dushe take. Mai naɗi ɗaya 250k aka saba ba shi. Harafin ma da magana: B yana tafiya daidai-wa-daida a mita, amma kunne ba haka yake ji ba. A shi ne wanda aka yi don kunne. Nemi A250K guda uku da kafasita mai lamba 473, wato 0.047. Kada a ba ka na rediyo mai 10k ko 50k a ce duk ɗaya ne, zai shaƙe ta. In za ka yi oda, ka lura na Amurka irin CTS wuyansu ya fi ramin farantinka kauri, haƙoran kansu ma ba su dace da murfin da kake da shi ba, sai an buɗa rami an sayi sabon murfi. Na awon milimita ka nema. Kafin su iso, mayar da maɓallin tautasa murya wajen 6 ko 7 ka ji, yawancin yara a 10 suke barinsa har abada. In makunni da soket suna ƙarar-ƙarar a sauya su rana ɗaya, tunda an riga an buɗe.

Hambaka, duba ramin kusa da jaki. In faffaɗa ne za ta shiga, faranti kawai za a sauya, ka ƙirga ramukan sukurunsa don na wani kamfani ba lallai ya hau ba. In ƙunci ne akwai siririya mai reza biyu da ke shiga gurbin mai naɗi ɗaya. Amma ka saurari mutanen Agadas ɗin naka da kyau tukuna, wannan tsiwar da ke muryarsu ta mai naɗi ɗaya ce, yawancinsu ƙirar da ke hannunka suke riƙewa. Ni da kuɗina ne, kebul mai kyau da tsirkiya da bolum zan saya, ragowar in ajiye wa amfilifaya mai babbar lasifika.

Alankin da ke juyawa a banza, ka yi daidai da ka tsaya. Ko dai ya yi ƙanƙanta, ko na inci ne aka ba ka, ko wani ya riga ya cinye bakin notin. Haska tocilan waya a ramin ka ga ko kusurwa shida suna nan. In bakin ya cinye har ba ya kamuwa, to a nan kam maganar Dogo ta fara nauyi, don gyaran rodi ya fi kuɗin jitar. Kawo ta shago ranar Asabar bayan la'asar, ina da alanki na milimita da na inci duka. Ka taho da amfilifayar in duba filoginta. Tsofaffin kayan da za a cire kuma ka zuba su a leda ka adana.

Dogo_Kwangila ya rubuta:

To Baba, Asabar ɗin nima zan leƙo in ga notin nan da idona. Anti, zan taho da Pacificar, amma aunawa kawai, ba mai taɓa min ita da alanki.